Mudassir da Motar Ƙanƙara

Shekara bakwai Mudassir ya yi a bakin wani gareji a Funtuwa. Wannan gaskiya ne, ko a gaban alƙali zai iya rantsuwa a kai. Abin da ba ya faɗa shi ne rake yake sayarwa a wurin. Yana zaune a kan benci yana feraye, kunnensa na kwasar hirar makanikai, har ya haddace sunan kowane ƙarfe da ke cikin inji ba tare da baƙin mai ya taɓa shiga farcensa ba. Da ya tattara komatsansa ya zo N'Djamena ya kafa teburin takalman gwanjo a kasuwar Dembe, sai ya bar raken a gida, ya taho da shekara bakwai ɗin. Tun daga nan babu motar da za ta gifta ya ƙyale ta ta wuce lafiya. "Kun ji wancan ƙaran? Kafireta ce." "Waccan kuwa, in ta kai Juma'a ku canza mini suna." Mutane sai su gyaɗa kai, don babu mai tare motar wani a titi ya buɗe ya ga ko gaskiya ne.

A unguwar Digel akwai wata bazawara, Sharifa. Mijinta Yunusu ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mata gida, da 'ya'ya mata biyu, da wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Faransa wadda ta girmi 'ya'yan duka. Da motar nan gidan yake ci. Kullum da safe Baba Souley, tsohon direban marigayi, mutumin Tawa, yakan je inda ake yin ƙanƙara ya ɗauko sanda goma sha biyu, ya lulluɓe su da ƙaiƙayi da buhuna, ya biyo ta gida, sannan ya wuce Dembe inda mata masu sayar da ruwan sanyi da karkanji suke jiran sa.

Mudassir ya ga Sharifa ya ji duniya ta tsaya, kuma a bar wasa, son gaskiya yake mata. In ya tuna ta a kasuwa sai ya ba mai ciniki takalmi ƙafar hagu biyu. Ita ma ba ta ƙi shi ba, yana sa ta dariya, 'ya'yanta sun saba da shi. Wata rana a zaure ta ce masa, "Gidan nan namijin da ya san mota yake nema, Malam Mudassir. Na gaji." Ya bugi ƙirji ya ce, "Ai kin samu, ranki ya daɗe. Ni inji ko a mafarki ya yi tari na san inda ke masa ciwo." Ta yi murmushi ta ce ya ba ta zuwa bayan Sallah, zai ji amsa. Kowa a layin ya san amsar ta kusa zama to.

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin da ko ƙadangare ba ya tsallaka titi sai da dalili. Ran sha bakwai ga wata, da hantsi, Mudassir ya zo gaishe da Sharifa, yana tsaye a ƙofar gida sai ga motar ta shawo kwana. Tafe take tana tari tana fizga, ta yi gaba kamar za ta tashi sama, ta dawo kamar ta tuna ta manta wani abu a baya. Baba Souley ya tsayar da ita a gindin darbejiyar ƙofar gidan, injin na karkarwa, ruwan ƙanƙara na ɗiga ta ƙasan bodi.

Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Wata huɗu Mudassir yana gyaran motoci da baki, yau ga wadda ta kawo kanta har gaban Sharifa, ga kuma 'yan kallo a shirye: Malam Ilyasu na'ibin liman yana kishingiɗe a kan tabarma da jiƙaƙƙen tawul a ka, mazan layi biyar ko shida suna kewaye da shi suna jiran rana ta yi sanyi, ga Inna Zalika, tsohuwar da ke gidan da ke kallon na Sharifa, a bakin ƙofarta tana tsince zoɓo a faifai. Bakin Inna Zalika ko azumi ba ya ɗaure shi.

Baba Souley ya leƙo ta taga ya ce, "A buɗe mini ƙyaure in shiga da ita cikin gida. Minti biyar ta wuce."

Mudassir ya ɗaga hannu. "Cikin gida? Mota ce ko amarya? Baba, sauko. Misin take yi, da ƙafa uku take tafiya. Ni tun tana bayan masallaci na gane."

"Malam, wagga mota tana da halinta. A bari dai in shiga da ita."

Sharifa ta fito da mayafi, ta dubi motar, ta dubi mazan da ke gindin bishiya. Can ta ce, "Baba Souley, bar shi ya duba. Ai aikinsa ne." Ta juya ga Mudassir. "Sai dai ka yi sauri, don Allah. Kafin azahar matan Dembe suke karɓa, kowace da abin da za ta sayar na buɗa-baki."

"Azahar? Je ki ɗora kunu, kafin ya tafasa kin ji ta tana waƙa."

Ya naɗe hannun riga. Ƙasan wurin ta riga ta jiƙe da ruwan ƙanƙara, shi kuwa sau-cikin da ke ƙafarsa shi ne mafi kyau a dilar da ya buɗe makon jiya, don haka ya tuɓe ya ajiye a kan dakali, ya tsaya a cikin ruwan da ƙafa tsirara. Ya ɗaga murfin inji ya tokare da sanda. Sai da ya ga abin ido da ido ya gane cewa sanin sunan mutum daban, sanin fuskarsa daban. Amma ya tuna yadda makanikan Funtuwa ke yi: inji na aiki, su riƙa cire wayar filogi ɗaya bayan ɗaya, wadda aka cire sauti bai canza ba, nan ciwon yake. Abin da bai taɓa lura ba, saboda yana can yana ba da canjin rake, shi ne da filaya mai roba suke kamawa.

Ya waiwaya ya ce wa jama'a, "Ku matso ku ga ilimi kyauta." Ya damƙi wayar farko da hannu ya fizge.

Ƙarar da ya yi sai da tattabarun masallaci suka tashi. Ya yi sama, kansa ya daki murfin, sandar ta goce, murfin ya sauko masa a gadon baya. Baba Souley ne ya ɗaga ya zaro shi.

Inna Zalika ta ajiye faifai. "Ɗan nan, motar ce mai iska ko kai?"

Mudassir ya ɓoye hannun da wutar ta ja a bayansa. "Gwaji ne, Inna. Haka ake auna wuta. Ƙananan makanikai su ke neman na'ura, gwani da jikinsa yake aunawa."

"To madalla. Ai kuwa wayoyi huɗu na hango daga nan. Ɗaya ka auna."

Mazan gindin bishiya suka gyara zama. Mudassir ya dubi waya ta biyu kamar mai kallon maciji, ya dubi jama'a, ya ga babu hanyar gudu. Ya mayar da ta farko da gefen rigarsa, ya yi bisimilla a zuci, ya kama ta biyu. Wannan karon ya cije leɓe bai yi ihu ba, amma ƙafafunsa suka yi wata rawa a cikin taɓo wadda bai kamata a gani da azumi ba. Da ya daure ya ci gaba da jan wayoyin ya kuma saurari injin, da ya ci karo da ciwon. Amma kunnuwansa ƙugi suke yi, ko jirgin sama ya sauka a layin ba zai ji ba.

"Wuta lafiya lau," ya ce yana haki. "Sauran biyun ba sai an taɓa ba, daga nan nake jin ƙarfinsu. Baba, kashe ta. A ina ka sha mai?"

"Inda nike sha kullum, bakin hanya. Isansin kwalba."

"Kun ji ko! Fetur ɗin kwalba! Rabi kananzir, rabi ruwan kogin Shari. Shi ya shaƙe ta."

"Shekara ashirin nike zuba shi, Malam."

"Shekara ashirin kana ba ta guba, yau ta gaji."

Ya lalubo tiyon da ke kawo mai daga tanki, ya ciro, ya ce zai nuna musu ruwan da idonsu. Ya karkata tiyon, ko ɗigo. Ya sha ganin makanikan Funtuwa suna sa baki su zuƙo, don haka ya sa baki ya zuƙa. Shiru. Ya ja numfashi ya sake zuƙa da irin ƙarfin da ake tsotse gaɓar rake. Fetur ya taho gaba ɗaya kamar an aiko shi, kafin ya ankara ya ji ƙwat, ya wuce. Ya durƙusa yana tari yana tofarwa, hawaye na zuba, man na tsiyaya a ƙasa har sai da Baba Souley ya toshe tiyon da yatsa ya mayar da shi inda yake.

Malam Ilyasu, wanda tun safe ko motsi bai yi ba, ya tashi zaune ya cire tawul daga kansa. Malami in ya ji ƙanshin mas'ala, ƙishirwa ma sakin sa take yi.

"Malam Mudassir, ya wuce maƙogwaro?"

"Ɗan kaɗan ne, Allah gafarta Malam."

"Ba a tambayi yawansa ba. Ya wuce?"

Wani daga cikin mazan ya ce ai fetur ba abinci ba ne. Wani ya ce in ba abinci ba ne me ya sa ake cewa mota ta sha. Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Azumin yau dai ya tafi, sai ka kame baki zuwa magariba. Abin da ya rage guda ne. In kuskure ne, ramuwar kwana ɗaya bayan Sallah, shi ke nan. In kuwa da gangan ne, ga ramuwa ga kaffara: ka ciyar da miskinai sittin, ko ka yi azumi sittin a jere. To wanne ne?"

Tambaya mai sauƙi, ko yaron goye zai amsa. Mudassir ya buɗe baki zai ce kuskure, sai ya hango Sharifa a bakin ƙofa, ihun ɗazu da tarin yanzu sun fito da ita. Kalmar ta maƙale masa a wuya, ta ƙi bin hanyar da fetur ya bi.

"Kuskure kuma? Allah gafarta Malam, gwani ba ya kuskure a kan aikinsa. Ɗanɗanawa na yi. Haka ake gane mai."

"Da gangan ke nan."

"Da ilimi dai."

"Sittin," in ji Malam, ya mayar da tawul ɗinsa.

Inna Zalika ta ce, "To tunda ka saye shi da tsada haka, me ka ɗanɗano?"

Mudassir ya lashi leɓe, ya yamutsa fuska. Gaskiya ɗanɗanon fetur ya ji, babu na kogi ko kaɗan. "Man ba laifi. An ci sa'a yau."

"Wuta lafiya, mai lafiya, kai ma ga ka garau. Motar ce dai ba a kai mata labari ba."

Rana ta take tsaka. Ɗigon da ke ƙasan bodi ya zama zirara, ruwan ya yi hanya ya gangara tsakiyar layi, awakin unguwa da agwagin wani gida suka zo suka jeru suna sha, masu azumi na kallon su suna haɗiyar yawu. Sharifa ta zagaya baya ta ɗaga buhu ta leƙa, ta daɗe ba ta sauke ba. Sannan ta matso kusa da Mudassir, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Malam Mudassir, in abin ya yi wuya ka faɗa mini. A tura ta cikin gida, babu wanda zai ji. Wallahi ba komai ba ne."

"Wuya? Ni? Ranki ya daɗe, duk abin da kika gani share fage ne. Yanzu zan shiga aikin."

Ta tsaya tana kallon sa. Shi a ransa ya ce kallon sha'awa ne, ya ƙara gyara tsayuwa. Ta juya ta koma bakin ƙofa, amma wannan karon ba ta shiga ciki ba.

Sauran makami ɗaya ya rage masa, kuma shi ne wanda ya fi taƙama da shi. A Funtuwa ya ji wani babban makanike yana koya wa mutanensa jerin yadda wuta ke zagaya inji: ɗaya, uku, huɗu, biyu. Ya riƙe wannan kamar karatun allo. Tunda injin a kashe yake babu abin da zai cije shi, sai ya kama wayoyin nan huɗu ya tuge su gaba ɗaya, kai da gindi, ya ɗaga sama yana nuna wa jama'a.

Baba Souley ya dafe kai. "Innalillahi! Malam, ka san inda kowace ta hito?"

"Wanda ya jera su tun farko shi ya ɓata motar. Yau za su zauna a kan ƙa'ida."

"Marigayi ne ya jera su."

"Allah ya jiƙansa, amma ba makanike ba ne."

Ya goge wayoyin da gefen riga, ya hura musu iska. A kan murfin da wayoyin ke fitowa akwai ɗigon farin fenti a rami ɗaya, ya ce wannan shi ne na ɗaya, kuma a nan kam ya yi daidai. Sai ya tsaya a gaban mota ya fara ƙirga filogi daga wanda ke kusa da cikinsa, yana rerawa da ƙarfi don kowa ya ji: ɗaya, uku, huɗu, biyu. Wata wayar ta yi gajarta ya ja ta da ƙarfi, wata ta yi tsawo ya lanƙwasa. Ya tafa hannu ya shiga mazaunin direba da kansa, don bai ga dalilin da zai sa wani ya ci ladan tayar da ita ba.

Ya murɗa makulli. Injin ya yi gurnani bai kama ba. Ya taka totur har ƙasa ya sake murɗawa, ya sake, ya sake, har gurnanin ya koma nishi, nishin ya koma ƙyas-ƙyas. Batir ya mutu.

"Batirinku ne ba shi da jini," ya ce ta taga. "Jama'a, a taimaka da turi. Taku goma kawai."

Babu mai son tashi, amma Sharifa maƙwabciya ce, kuma kowa a wurin da ƙanƙararta yake buɗa baki. Maza shida masu azumi suka sa kafaɗa a bodi da tsakar rana. Suka tura ta har ƙarshen layi, Mudassir na sakin kuloci tana tirjewa, yana dannan totur kamar mai taka ɗinki. Ba ta tashi ba. Suka juyo da ita suka turo har masallaci. Ba ta tashi ba. Awaki na biye da su suna lasar layin ruwan da take bari.

"Ku ƙara wuta! Turin naku ne ba shi da ƙarfi!"

Wani daga baya ya ce, "Kai da ka sha mai ai kai ya kamata ka sauko ka tura."

A zagaye na uku, daidai ƙofar gidan Inna Zalika, duk fetur ɗin da ya yi ta turawa cikin salansa ba tare da ya ƙone ba ya samu tartsatsi. Motar ta saki wata ƙara, ta bi ta da ta biyu, baƙin hayaƙi ya turnuƙe layin.

Mudassir bai daɗe a garin ba, amma ya sha labari a kasuwa na ranakun da ake wayar gari da harbe-harbe, kuma labarin ya zauna masa a ciki fiye da yadda yake nunawa. Ya ƙwalla, "An shigo gari! Ku kwanta!" Ya ɓalle ƙofa ya diro, motar na tafiya, ya tsallake faifan zoɓo, ya ratsa zauren Inna Zalika, bai tsaya ko'ina ba sai cikin akurkin kajinta. Motar kuwa ta ci gaba da gangarawa ita kaɗai a hankali, ta je ta sa goshi a jikin darbejiya. Ƙofar bodi ta ɓalle, abin da ya saura na ƙanƙara ya sulalo ɗaya bayan ɗaya ya zube cikin rairayi.

Babu wanda ya gudu, ko akuya. Mutanen da suka ga abin da suka gani a garin nan ba salansa ce za ta tashe su ba. Malam Ilyasu bai ɓata lissafin carbinsa ba. Wani maƙwabci ya leƙo ta kan katanga da idon barci ya ce, "Da shunu?" wato mene ne wannan. Baba Souley ya ce masa, "Watir," mota ce kawai. Mutumin ya ce, "Kalas," wato shi ke nan, ya koma ya kwanta.

Inna Zalika ta ɗaga murya ta cikin zaure. "Fito, ɗan nan, an yi sulhu! Ni sau uku ina kwana ƙarƙashin gado a garin nan, ban taɓa jin bindigar da ke warin fetur ba. Kuma ka bi a hankali, akwai mai kwanci a ciki."

Bai fito nan take ba. Shiga akurki da tsoro abu ne mai sauƙi, fitowa da kunya shi ne aiki. Ta wata kafa a jikin zana yake hangen titi, ya ga Sharifa ta je ta tsaya a kan ƙanƙararta. Sandunan da aka ɗauko da safe, kowace sai mutum biyu sun kama, yanzu babu wadda ta fi bulo, ga rairayi ya manne musu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta shiga gida, ta fito da wani tsohon gwangwanin kifi da doguwar sifana. Ta cire mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta ɗaga murfin injin.

Matan da ƙarar ta fito da su suka fara taɓa juna. Wata ta ce, "Mace a cikin inji?"

Sharifa ba ta ɗago ba. "Shekara biyu ina yin wannan a bayan katanga kowace safiya, don kada a ce matar Yunusu ta zama namiji. Yau sai kowa ya kalla ya more."

Ta tuge wayoyin nan ta sake jerawa, tana ƙirgawa daga baya, daga filogin da ke wajen sitiyari. Ta sa sifana ta kwance na uku, ta ɗaga shi, baƙi ƙirin, baƙin mai na naso. Ta ɗauko wani wankakke daga gwangwanin ta ɗaura. Duka aikin bai kai a karanta Yasin ba. Ta ce Baba Souley ya shiga, mazan nan suka ja motar baya daga jikin bishiya, suka tura ta taku biyar. Ta kama, tana aiki sumul kamar ba ita ba.

Sai a lokacin Mudassir ya fito, gashin kaza a kansa, taɓo har gwiwa, bakinsa na tashin fetur. Da mai hankali ne da ya sulale ta bayan masallaci. Amma ya karkaɗe riga ya nufo motar yana gyaɗa kai.

"Yauwa! Filogi! Ai nan na nufa. Dama mataki-mataki ake bi, saura ƙiris in..."

"Malam Mudassir." Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Tana goge hannunta da tsumma. "Motar nan daga baya ake ƙirga ta, haka masu ita suka ƙera ta. Na ukun kuma mai yake sha, kullum sai an canza shi, yau ne na makara ban canza ba. Ba laifinka ba ne da ba ka sani ba. Yunusu ma da ya saye ta bai san komai ba. Ya je gareji ya durƙusa ya ce bai sani ba, aka nuna masa, ya dawo ya nuna mini."

"Ai ni ma..."

"Ba sai bayan Sallah ba, bari in ba ka amsarka yanzu. Wallahi na so ka. Ko da ba ka taɓa ganin mota ba, zan aure ka in ci gaba da canza filogina a bayan katanga, ba zai dame ni ba. Na ba ka ƙofa ɗazu, ni da kai kawai, ka ƙi shiga. Mutumin da zai ɗauki azumi sittin don kada ya ce ya yi kuskure, ranar da ya yi kuskure a kaina ko a kan 'ya'yana, wa zai ɗauka? Ka yi haƙuri."

Tana gama faɗa ta juya da sauri. Ita da Baba Souley suka tsince guntayen ƙanƙarar suka ɗauraye suka mayar cikin buhu, ta ce gara ta je da kanta ta ba matan Dembe haƙuri. Ta gyara mayafi ta shiga gaba, motar ta ja.

Mudassir ya tsaya a tsakiyar layi yana kallo har ta sha kwana. Tunda ya zo garin ba a taɓa ganin bakinsa a rufe na tsawon haka ba, har mazan da suka yi turi, waɗanda suka tanadi maganganu, suka ji ba za su iya faɗa ba. Ya je dakali ya ɗauki takalmansa ya riƙe a hannu. Ya zo gaban tabarmar Malam Ilyasu ya tsuguna.

"Allah gafarta Malam."

"Na'am."

"Fetur ɗin nan. Kuskure ne."

Malam ya dube shi ta ƙarƙashin tawul. "To, ramuwar kwana ɗaya ce. Allah ya karɓa."

Inna Zalika ta gama kwashe zoɓonta da ya watse, ta miƙe da faifai a hannu.

"An rage maka sittin, ɗan nan, ka gode Allah. Saura ka nemo mai dafa maka sahur na ɗayan."